Marubucin Dogon Zango da Wayar 'Yan Makaranta

Bayan sallar isha'i a Augie, idan injinan ban ruwa sun yi shiru a fadama, manoman shinkafa sun koma gida da taɓo har gwiwa, wurin da ya fi tara matasa shi ne rumfar mai cajin waya. Wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar lambarta, ga kwamfuta a gefe cike da fina-finai. Yaro zai miƙa memori ko wayar yayansa ya ce, "Na wanga sati ya hito?" In ya fito a tura masa da 'yan canji, ya koma gindin bango, su haɗa kai su huɗu ko biyar a kan allon da bai kai tafin hannu ba. Ta nan wasan kwaikwayon talabijin ke isa ga matasa da yawa a ƙasar Kabi, ko da gidansu babu akwatin talabijin.

Sun san jarumi, sun san jaruma, wasu har darakta sun sani. Ka tambaye su wa ya rubuta maganar da za su yi ta maimaitawa gobe a makaranta, sai su dubi juna. Sunansa kan wuce ne a farkon shirin, daidai lokacin da mai riƙe da wayar ke jan yatsa don a tsallake waƙar buɗewa. Wannan mutumin, ko wannan matar, domin mata suna da ƙarfi a sana'ar, shi ne mai ɗaura zare da saƙa, sauran duk sanya tufar suke yi.

Sana'ar ba ta daɗe da tsayawa da ƙafafunta ba. Dattawan Argungu da Birnin Kabi, waɗanda suka yi samartaka tun jihar tana cikin Sakkwato, kafin a yanke ta ranar 27 ga Agusta, 1991, suna tuna Idon Matambayi na NTA Sakkwato, da Samanja na Usman Baba Pategi daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da Ƙasimu Yero. A wancan zamani galibi ƙashin labari kawai ake faɗa wa 'yan wasa, kowa ya sa masa tsoka da bakinsa, kuma bakunan nan sun iya. Da kaset ya zo, aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, sai marubutan littattafan soyayya suka shigo da alƙalumansu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga takarda ya koma fim, haka ma Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Duk da haka fim na awa biyu yana iya tafiya da 'yan shafuka, waƙa da rawa su cike giɓin.

Abin da ya mayar da rubutu dole shi ne dogon zango. Kasuwar faifan CD ta durƙushe, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta fara Daɗin Kowa a 2015, ta ɗauki marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih aiki, suna zama tare suna tsara rayuwar wani gari da babu shi a taswira amma kowa ya san irinsa. Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019. A 2020, shekarar kullen korona, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa mutane za su jira mako guda cur don su ga abin da zai faru da wanda bai taɓa wanzuwa ba. Shirin da zai yi shekaru yana fitowa duk mako ba ya yiwuwa da baki kawai. Dole wani ya tuna cewa a zango na biyu an ce uban yarinyar nan ya rasu, kada ya shigo da sallama a zango na biyar.

Aikin yana farawa da ƙashin labari: su wane ne, me kowa ke nema, wa ya tare masa hanya. Sai a raba shi zango-zango, zango kuma kashi-kashi, galibi 13 a tsarin tasha, kowane kashi a yanka shi fitowa-fitowa. A saman kowace fitowa marubuci zai sa inda ake, ciki ne ko waje, dare ne ko rana, sannan maganar kowa a ƙarƙashin sunansa. Masu sana'ar kan auna shafi guda da kimanin minti guda a allo. Wurin da aka fi gane gwani shi ne minti biyu na ƙarshen kashi, inda zai tsayar da labari ƙafa ɗaya a sama, yadda yaron nan na Augie zai dawo rumfa mako mai zuwa da canjinsa a hannu.

Sai dai marubucin Hausa ba shi kaɗai ke riƙe da alƙalaminsa ba. Aljihun furodusa yana riƙe da shi: in ka rubuta fitowa a tashar mota da mutum ɗari, za a kira ka a ce ka mayar da ita falo da mutum uku, saboda gidan da aka ara na kwana huɗu ne. Mai talla yana riƙe da shi, sai an nemo dalilin da zai kai jaruma shagon turaren wuta ko ofishin masu sayar da fili. Jarumi ya yi saɓani da kamfani, ko jaruma ta yi aure ta bar harkar, a daren nan za a ce ka san yadda za ka yi da ita. Masu kallon Labarina sun ga Sumayya ta sauya fuska bayan Nafisat Abdullahi ta bar shirin. A lokeshin kuma ɗan wasa kan karanta takarda ya ajiye ya faɗi tasa. Ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo mata su ta duba kafin a sake su ba. Batun lada kuwa, abin da aka saba shi ne a sayi rubutu a biya sau ɗaya. In shirin ya tara miliyoyin 'yan kallo a YouTube, ribar ta mai tashar ce.

Akwai hannu na ƙarshe, wanda marubutan Samanja ba su sani ba: 'yan kallo da ke mayar da martani kafin shirin ya gama wucewa. Marubucin yau yana kwana yana karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyo, wani lokaci har labarin ya karkata saboda hayaniyar. A nan ne kuma yake ganin abin da ya sa na ɗauko wannan rubutu. 'Yar wasan da ya ba wa matsayin muguwar kishiya, ita za a bi har shafinta a zage ta, a zagi iyayenta, a ɗauko tsohon hotonta a yi ta yawo da shi, saboda maganar da shi ya sa mata a baki. Masana'antar ta san wannan ciwon tun kafin zuwan TikTok. A 2007 bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a Kano daga waya zuwa waya ta Bluetooth, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace fina-finai, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni. Nauyin abin a kan macen ya faɗa, har sunanta ya zama abin jifan duk 'yar fim. Bayan ita an yi wa wasu, kuma kusan kullum salon ɗaya ne.

To mutanen da suka sha wannan a jikinsu, ina shirin da suka yi a kan 'yar aji uku a ƙaramar sakandare da aka yi wa haka? Yawancin abin da nake gani rigimar manya ce: gado, kishi, kujera, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gwada budurwa. Manyan Mata na Abdul Amart ya waiwayi almajirai da matan da aka wulaƙanta, MTV Shuga Naija ya saka labarin Kano a 2018 tare da Rahama Sadau, duk da cewa yawancin maganarsa ba da Hausa ba ce. Amma ɗan shekara 14 a shirye-shiryenmu ko dai ɗan aike ne, ko fitsararren da za a yi wa faɗa a fitowa ta gaba. Ba kasafai ake tsayawa a bi shi ɗaki a ga abin da ke hana shi barci ba, alhali shi ne mai riƙe da wayar da ake kallon shirin.

A Ingila wasu sun bi shi ɗakin. Ranar 13 ga Maris, 2025, Netflix ya saki Adolescence, kashi huɗu kacal, wanda Jack Thorne da Stephen Graham suka rubuta, Philip Barantini ya ba da umarni. 'Yan sanda sun fasa ƙofar wani gida da sassafe sun kama Jamie, ɗan shekara 13, bisa zargin kashe 'yar ajinsu da wuƙa. Kowane kashi an ɗauke shi ne a tafiya ɗaya, kyamara ba ta yankewa daga farko har ƙarshe, wanda ke nufin marubuci ba shi da damar tsallake lokacin da ya yi nauyi. In uba zai yi shiru na minti guda, sai ka zauna da shi cikin shirun. Tun kashi na farko an nuna cewa yaron ya aikata, saboda haka sauran ukun neman dalili ne. A kashi na biyu ɗan sandan da ke bincike ya karanta abin da yarinyar ta rubuta a shafin Jamie na Instagram ya ɗauka abota ce, sai ɗansa, wanda ke makarantar, ya ja shi gefe ya fassara masa 'yan alamomin nan masu launi: gori ne, ana ce wa yaron babu macen da za ta taɓa son sa. Ita ma yarinyar an riga an yaɗa hoton tsiraicinta a makarantar. Wanda aka zalunta ya zalunci wani, manya suna tsaye a tsakiya ba su jin harshen. Firayim Minista Keir Starmer ya goyi bayan a nuna shirin a makarantun sakandare, kuma Owen Cooper, yaron da ya hau matsayin Jamie, wanda bai taɓa fitowa a fim ba kafin wannan, ya karɓi kyautar Emmy yana da shekara 15.

Marubucin da zai kwafo wannan ya sauya sunaye ya ɓata lokacinsa. Jamie yana da ɗakinsa shi kaɗai da kwamfutarsa, iyayensa suna ganin haske ta ƙasan ƙofa suna cewa ai yana gida. A Augie ɗaki na mutum biyar ne, wayar ma sau da yawa ta aro ce, ta uwa ko ta yaya, ana karɓa da dare a mayar da asuba. Abin da ke yawo ya fi zama saƙon murya da sitatus da hoton da aka ɗauka a gidan biki, ba ya ma buƙatar data, manhajar Xender ta isa, kuma yana iya bi ta rumfar da ake tura fim ɗin. Babban bambancin shi ne inda kunyar ke sauka. A can yaro ne ke shan ta shi kaɗai a ɗaki. A nan kafin azahar ta bar guruf ɗin 'yan aji ta isa majalisar samari, ta isa islamiyya, ta isa kunnen gwaggo, da magariba ta zama maganar gida gaba ɗaya. Uban da tun satar ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 zuciyarsa ke rawa a kan karatun 'yarsa, hoto guda ya ishe shi ya ce ta zauna gida, a nemi miji. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana da sashe na 24 a kan irin wannan, amma kafin a tuna da ita an riga an je wurin mai unguwa ko liman ko Hisba, kuma abin da kowa ke nema a can shi ne a rufa asiri. Wanda ya fara turawa yakan tsira a cikin rufin.

Bahaushe bai rasa tsokana ba tun asali. Akwai wasan taubasai, akwai habaicin 'yan mata a dandali, akwai zambon maroƙa. Sai dai duk waɗannan suna da ido a kansu: ana yi a gaban mutane, wanda aka yi wa yana da bakin ramawa, in abin ya wuce gona da iri wata babba za ta tsawatar, in wata ya faɗi kowa ya watse. Habaicin waya ba ya watsewa. Yaron da aka ɗauka a bidiyo yana i'ina a gaban allo, ko ana dukansa, ko takalminsa ya tsinke, zai ga abin yana dawowa bayan wata shida da sabuwar waƙa a kansa. Marubucin da ya san dandali ya kuma san guruf shi ne zai iya nuna wa iyaye abin da ya sauya, domin da yawansu in ka kai ƙara cewa suke yi ai wasan yara ne, mu ma an yi mana.

Wahalar sana'a a nan ita ce yadda za a nuna abin da ke faruwa a cikin waya. Turawa sukan rubuta saƙon a gefen allo. Mai kallo a gindin bango, su biyar a kan ƙaramar waya, wani bai yi boko ba, ba zai karanta ba. Marubucin Hausa sai ya koma ga kunne da fuska: ƙarar shigowar saƙo da ba ta tsayawa, dariyar da ke yankewa idan yarinya ta shigo aji, benci da aka matsa aka bar mata ita kaɗai, tuwon da ta tura gefe. Hoton da aka yaɗa kuwa bai kamata a nuna shi ba ko kaɗan, in an nuna an shiga sahun masu turawa. Kuma akwai tarkon da sana'ar ta saba faɗawa: a kawo malami a kashi na ƙarshe ya jero nasiha, yarinya ta durƙusa ta nemi gafara, a rufe. Na fi kowa son a ji muryar malami a irin wannan shiri, amma ina so ya juya ga samari talatin da suka danna turawa, waɗanda kowannensu ke sallah a sahun gaba kuma yana ganin shi bai yi kome ba. Ayoyin da suka hana yi wa juna izgili da jifa da miyagun laƙabi da bin diddigin asirin mutane suna cikin Suratul Hujurat, yaran nan sun haddace su a allo.

Sai harshe. Ɗiyan Kabi suna cewa "wanga" da "shina" da "lahiya", kuma sun daɗe suna ganin cewa a fina-finan Kano mai irin wannan magana galibi maigadi ne ko wanda aka kawo don a yi dariya. Yarinyar da ta tashi daga Augie ta je makarantar kwana ko jami'a, ta yi saƙon murya a guruf aka yi ta kwaikwayonta, daga allo masu kwaikwayon suka koyi cewa harshenta abin dariya ne. Marubucin da zai sa baƙin ciki na gaske a bakin mai cewa "ɗiyata" ya gyara wani abu da sana'arsa ta ɓata. Hakan na buƙatar ya bar Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, ya zo ya zauna a Argungu ba lokacin bikin kamun kifi kaɗai ba, ya saurari yadda 'yan makaranta ke magana idan sun ɗauka babu babba a kusa. In kuwa marubucin ɗan nan ne, cikin masu rubuta labari a waya suna rabawa a WhatsApp, ya fi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wadda za ta hau matsayin. A wurinmu ɗan wasa ba ya rabuwa da sunan da aka ba shi. Har gobe Kamaye ake kira, da Alawiyya, da Presido, a kasuwa da gidan biki. Yarinya 'yar shekara 15 da ta fito a matsayin wadda aka yaɗa hotonta za ta koma makaranta da wannan sunan, a yanko fitowarta a ɗora a TikTok ba tare da labarin ba, a yi mata ainihin abin da shirin ke kuka a kai. Yardar iyaye a takarda ba ta magance wannan. Tun a kan shafi marubuci zai fara kare ta, ya auna kowace fitowa da tambayar yadda za ta kasance in an yanke ta daƙiƙa goma an raba ta da 'yan uwanta. Wata fitowar da ta fi kowace ƙarfi dole ya yage ta saboda haka, ya nemi wata hanyar.

Akwai fitowa guda da nake ɗauke da ita a kai, ina jiran mai sana'ar da zai rubuta ta fiye da yadda zan iya. Tsakar gida ne a Augie bayan isha'i, buhunan shanshara jingine da bango. Yarinya ta kwana biyu ba ta je makaranta ba, tana ɗaki ta juya fuska. Uwar tana zaune a tabarma riƙe da wayarta da 'yar ke ara, wayar sai ƙara take yi, ita kuwa ba ta karanta boko. Ta kira ƙanen yarinyar, ɗan shekara 12, ta miƙa masa ta ce ya karanta mata abin da ake ta aikowa. Yaron ya karɓa ya duba. Ya san abin da ke ciki tun shekaranjiya, don shi ma ya tura wa abokinsa kafin ya gane ko wace ce. Uwar ta gyara zama ta ce, "Ina jin ka."